Bakano, Ɗaga 'Yar Dubun Nan Ka Duba

Kai Bakano, bawana, ajiye ƙirgar nan ka saurari ubangidanka na Zazzau. Kullum kana Kantin Kwari kana lasar yatsa kana lissafi, amma na rantse ba ka taɓa tsayawa ka kalli 'yar dubu ba. Su wane ne mutum biyun da ke jikinta? Kar ka ce mini Dantata. Aliyu Mai-Bornu ne da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Bankin Najeriya, kuma tun 2005 suke kwana a aljihunka ba ku gaisa ba.

To ga karatu kyauta, tunda ilimi a gidanmu yake. Takardar nan da auduga ake yin ta, shi ya sa take ƙara idan ka kaɗa ta. Ta jabu kuwa laƙwas take, ko ta cika santsi. Shafa fuskokin da babban yatsa, za ka ji kaushi, don tawadar a tashe take. Ɗaga ta sama wajen haske, wani hoto zai bayyana a cikin farin gefen nan, ga kuma siririn zare da aka saƙa a cikin takardar, mai ɗauke da ƙananan haruffan CBN. Injin ɗan damfara yana iya zana kamanninsu, amma ba ya iya cusa su cikin jikin takarda. 'Yan canjin Wapa sun san wannan, shi ya sa suke ajiye 'yar fitilar nan mai shuɗin haske. Su kaɗai na cire daga cikinku.

Ajamin da ke jikinta ma, na san tsallake shi kake yi. Hausa ce zalla, "naira dubu" aka rubuta, ba laya ba ce.

Abin da ya fi ba ni dariya, ɗan garinku Murtala yana kan naira ashirin, wadda ta koma leda a 2007, har da tagarta da ake hango waje. Amma ita kake cukwikwiyewa ka jefa wa ɗan dako.

Da aka sauya launin ɗari biyu, ɗari biyar da dubu a ƙarshen 2022, an ce wasunku har da rashin lafiya, saboda abin da aka binne a ƙarƙashin katifa.

Gobe idan baƙo ya miƙo maka damin kuɗi da magariba yana sauri, kunna fitila ka duba ɗaya bayan ɗaya. In ya gagare ka, hau mota ka kawo Zariya mu duba maka, ladanmu kashi goma ne kacal.