Bakano Zai Yi Gudun Legas

Bawana Bakano, labari ya iso Zariya tun kafin ka gama ɗaure igiyar kambas. An ce ka yi rajistar gudun famfalaki na Legas, kai da tumbinka, da shagonka na Kantin Kwari, da 'ya'ya biyar a gida. Wai har ka ɗinka gajeren wando. To, madalla. Dama an ce garinku ko da me ka zo an fi ka, ashe har da ganganci.

Tunda na san Bakano ba ya gane magana sai an sa mata lissafi, bari in buga maka. Nisan kilomita 42 ne da mita 195. Ya ɗara rabin tafiyar Zariya zuwa Kaduna. In kuma a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata za ka yi shi, zagaye 105 ne da rabi. Lokacin da aka fara gasar ta Legas a Fabrairun 2016, daga babban filin wasa na Surulere aka tashi, aka hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, aka ƙare a Eko Atlantic, kuma wani ɗan Kenya, Abraham Kiptum, ya lashe. A kan gadar nan babu mai shayi, babu mai gurasa, babu ɗan Adaidaita Sahu da za ka ɗaga wa hannu. Ruwa dama, ruwa hagu.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kukan da aka ce kana yi a majalisa, wai ba ka da lokaci, iyali sun yi maka yawa, da kana da sarari irin na Eliud Kipchoge da duniya ta ji sunanka. Kipchoge fa gudun shi ne shagonsa. Yakan bar matarsa da 'ya'yansa uku a Eldoret ya tare a sansanin Kaptagat daga Litinin zuwa Asabar, ya ci fiye da kilomita 200 a mako. Kuma a sansanin, duk kuɗinsa da lambobinsa na zinare, idan ranar aikinsa ta zagayo shi ma shara yake yi, har da wankin banɗaki. Alhaji, yaushe rabonka da tsintsiya?

Abin da ake nema daga mai iyali bai kai haka ba. Masu horarwa sukan ba sabon shiga mako 16 zuwa 20. Fita huɗu a mako ta wadatar: uku gajeru da ba su wuce awa ɗaya ba, sai doguwa guda a ƙarshen mako, wadda ake ƙara mata tsawo sannu a hankali har ta kai wajen kilomita 30. A ƙafarka, wannan doguwar za ta ci awa huɗu. Duka-duka awa bakwai ke nan a makon da ya fi nauyi.

To, daga aljihun wa za ka ciro awa bakwai ɗin? Na ji inda ka fara cirowa. Ana sallame Asuba sai ka sulale zuwa Filin Sukuwa, ka bar Hajiya da ɗora ruwan wanka, da dama koko, da neman safar Abba ƙafa ɗaya da ta shige ƙarƙashin gado, ga auta a baya yana tsala ihu. Kai yara makaranta da kake yi ma ka sauke mata. Ƙarfe takwas ka shigo kana ɗingishi, ka zube a tsakar falo, ka ce a kawo ruwan zafi da man zafi a gasa maka sha-raɓa. Ka zama ɗa na shida. Wato kai za a rataya wa lamba a Legas, ita kuma take gudun. Ka san Paula Radcliffe ta Ingila ta haihu a Janairun 2007, ta kuma lashe gasar New York a Nuwamban shekarar? Kada ma ka bari Hajiya ta ji, don in aka ba ta kambas ɗin nan ba za ka ga ƙurarta ba.

Alhali lokacin yana nan a jibge a majalisarku. Daga Isha'i zuwa sha ɗayan dare kuna kan benci, ana gardamar Arsenal da wanda zai ci zaɓe, ka dawo kuma ka yi awa guda kana latsa waya. Ka tashi daga majalisa ƙarfe tara, ka kwanta da wuri, ka yi gajerun fitarka bayan ka sauke yara, ko da yamma suna Islamiyya. Doguwar ta Lahadi kuwa ciniki za ka yi da uwargida, tunda ciniki gadonku ne: ta ba ka safiya, ka karɓi yara da yamma ta je unguwarta. Ban da taya ta da arha.

Sauran shawara kyauta ce, na san kuna son kyauta. Ka fara zuwa likita ya auna jininka. Yawancin atisayen sassarfa ce. In ba za ka iya yi wa mutum farashin atamfa kana gudu ba tare da haki ya sarƙe ka ba, ka rage wuta. Kada ƙarin da za ka yi a mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma, in ba haka ba gwiwa da ƙwauri za su kai ƙararka. Wajen kilomita 30 ne sukarin da jiki ya adana yake ƙarewa, ƙafa ta yi nauyi, mutum ya fara tambayar kansa wa ya aike shi, don haka ka saba da cin dabino da kurɓar ruwa a kan hanya tun yanzu. Ka kuma tuna a busasshiyar iskar hunturu kake shiri, Legas kuwa a Fabrairu gumi ba ya bushewa. Kada ka sa sabon takalmi ranar gasa. Kada kuma ka kawo min zancen Abebe Bikila na Habasha da ya ci gasar Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi. Na san rowa ce take neman hujja.

Sai batun kuɗin sharata. Na bara ma ba ka biya ba. Ka haɗo da na bana ka aiko kafin ka hau motar Legas, don na san halinka: kana dawowa za ka ce gwiwa ta hana ka zuwa gaida ubangidanka a Zariya.