Mai gugar takalmi da kwastomansa

A 1838 Louis Daguerre ya kafa kyamararsa a taga, ya auna titin Boulevard du Temple na birnin Paris, titin da ba ya rabuwa da kekunan doki da 'yan kai-komo. Da hoto ya fito, titi wayam.

Farantin tagulla mai rufin azurfa da ke cikin akwatin kyamarar sai ya sha haske na mintuna kafin ya kama siffa, don haka duk mai motsi bai bar alama ba. Masu uzuri duk sun ɓace.

Wani bawan Allah da ya ɗora ƙafa ana goge masa takalmi ne ya fito sosai. Mai gugar kuwa, da yake shi ke aikin, dishi-dishi ya fito.