Burgundi: Wa Ya Ce Sai Ka Sha?

Na ji tsakinka tun daga nan, Malam. Ana ambaton Burgundi ka yamutsa fuska, wai ƙauyukan masu giya ne a gabashin Faransa, me ya kai mai kamun kai can? To, sannu waliyyi! Wa ya ce maka kwalba ce tikitin shiga?

Je ka garin Beaune, ka tsaya a tsakar gidan asibitin da Nicolas Rolin da matarsa Guigone de Salins suka kafa wa talakawa a 1443. Ɗaga kai ka ga rufi: tayil mai sheƙi, ja da rawaya da kore da baƙi, sai ka ce hular zanna aka kifa wa ginin. A ciki ga zaure mai tsawon kusan mita 50, gadaje jere hagu da dama, kowanne da jan labulensa. Har 1971 ana kwantar da majinyata a gidan.

Ka ce to da kuɗin me aka riƙe shi? Yauwa, ka samu abin faɗa. Masu hali sun yi ta bar masa gonakin inabi, kuma har gobe ana gwanjon giyarsu ranar Lahadi ta uku ga watan Nuwamba. Kai rufi aka ce ka kalla, ba a ce ka taya ba.

Ka ce gona ai gona ce? A 2015 UNESCO ta sa gonakin inabin Burgundi cikin kayan tarihin duniya, fegi 1,247, kowanne da sunansa da iyakarsa. Taka fa, wa ya san sunanta?

Sai batun ciki, wanda na san shi ya hana ka tashi. Dodon koɗi suke gasawa cikin ɓawonsa, da man shanu da tafarnuwa. Ka ce Allah ya sawwaƙe? Ba na jayayya da mai yatsina. Ga kazar Bresse nan, farin gashi, jan zanko, shuɗin ƙafa, tutar Faransa sak tana kiwo. Lakuci mastad ɗin Dijon da yawa kuwa, hancinka zai ba ka labari.

Amma kada ka saki jiki. Dahuwar naman sa da suke alfahari da ita, cikin jar giya take nuna. Jambon persillé naman alade ne. Cukun Époisses ma da barasa ake masa wanka. Ka tambayi mai kawo abinci kafin ka kai loma, kada ka dawo ka ce ni na kai ka.