Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Takardar Kuɗin Haihuwa

Ranki ya daɗe, Hajiya Takarda,

Magidantan ƙasar Daura, daga Baure har Sandamu, daga Zango har Mai'adua, sun wakilta mai wannan wasiƙa ya kawo miki kokensu. Sun so su zo da kansu, to amma ke ba a cika samunki ba sai tsakar dare, lokacin da babu mai natsuwar tsara magana.

Ki sani mutanen nan ba baƙin ciniki ba ne. Ranar Lahadi a kasuwar Mai'adua mutum kan ɓata rabin yini a kan ɗan maraƙi guda: ya taya, a ce albarka, ya ƙara, a sake cewa albarka, ya juya baya zai tafi, dillali ya riƙo masa riga, a sallama. Duk ƙarfin mai saye yana ga juya bayan nan. Ke kuwa kin san wanda matarsa ke durƙushe tana naƙuda ba ya juya baya. Shi ya sa kike leƙowa daga ƙofar ɗakin haihuwa a hannun nas, ba sallama ba gaisuwa, ɗauke da rubutun da ko mai kemis sai ya kara ki da fitila.

Safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, Izal, Jik, ruwan ƙari, allurar tsayar da jini, zaren ɗinki. Maigida ya hau babur ya zaga gari neman kemis ɗin da bai rufe ba. Ya dawo yana haki, sai ga ƙanwarki ta fito, ita ta gwaje-gwaje ce. Bai gama ƙirga canji ba sai ga autarku, wadda ta fi ku duka baki: likita ya ce sai tiyata, a kawo kuɗi, a kawo masu ba da jini. Nan za ki ga dattijo tsugune a gindin bango yana kiran ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, wasu wayar a kashe.

A bakin tagar kashiya ake gwada tsohuwar sana'a.

"Malam, dubi Allah ka yi ragi."

"Baba, ba ni na yanka ba. Haka yake a kwamfuta."

"To karɓi rabi. In Allah ya kai mu Lahadi na sayar da tunkiya, in cika maka."

A ƙaramin asibitin kuɗi wannan roƙo kan yi tasiri, musamman in mai asibitin ya san gidan su mai naƙuda, ko an samu wani mai mutunci ya tsaya. A na gwamnati kuwa kashiya ba shi da ikon rage ko sisi. In akwai sassauci, yana can ofishin taimakon marasa galihu da manyan asibitoci ke da shi, wanda mutumin ƙauye ba ya jin labarinsa sai an sallame su. An sha raɗa wa yaro suna alhali ragonsa ya riga ya tafi a kuɗin tiyata.

Abin da ya fi ɗaure wa masu koken kai shi ne, bisa doka bai kamata ki yi wannan ƙiba ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko. A watan Mayun 2022, ɗan garin nan, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, Allah ya jiƙansa, ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Jihar Katsina ma tana da tata hukumar ta taimakekeniyar lafiya. A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka zaɓa. Duk da haka, cikin kowace naira goma da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, wajen bakwai daga aljihun mai jinya suke fitowa. Ma'aikaci ana cire masa a albashi, ya nuna kati ya wuce. Manomi da mai tireda da ɗan acaɓa su ne abincinki.

Ko tsallaka iyakar Kongolam aka yi ba a rabu da danginki ba. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, amma asibitocinta sun daɗe suna kukan gwamnati ba ta biyansu a kan kari, in magani ya yanke kuma sai a rubuto irinki a miƙa wa maigida.

Mai wannan wasiƙa ba zai ɗora miki laifin kowa ba. Nisan hanya na nan, kunyar haihuwar fari na nan, ga mai jiran izinin mijin da ya tafi cirani, ga tsadar man da ta biyo bayan cire tallafi a 2023. Amma tsoronki na cikin abin da ke sa a ce bari a ƙara jira a gida, ungozoma ta ƙara gwadawa. Mafi yawan haihuwa a Arewa maso Yamma har yau a ɗaka ake yinta. Doguwar naƙudar da aka jinkirta ita ke kai mata asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna fiye da ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne.

Masu koken ba su ce ki ɓace ba. Sun san safar hannu ba a rijiyar Kusugu ake ɗebo ta ba, janaretan ɗakin tiyata ma ba addu'a yake sha ba. Roƙonsu shi ne ki riƙa zuwa da rana tsaka. Ki fito tun ranar awon farko, ke da ƙannenki gaba ɗaya, ki faɗi kuɗin haihuwa lafiya da na tiyata in ta kama, don mai gero ya san buhu nawa zai ajiye, mai adashi ta san watan da za ta roƙi ɗauka, a kuma gwada jinin 'yan uwa tun ciki na wata bakwai. A manna ki a bangon asibiti da manyan baƙaƙe, boko da ajami, a rubuta a gefe abin da gwamnati ta riga ta biya da ofishin da ake rajistarsa. In an karɓi kuɗi kuma, a ba da rasit mai hatimi, don wasu daga cikin masu kama da ke a aljihun riga ake haifarsu.

Ana jiran amsa kafin kaka, don awo ya nuna gidaje da dama suna da baƙi tafe.

Naki,
Wakilin masu tsayuwa a bakin taga,
Daura.