Reshen da Jimla ta Ƙi Gani

A ofishinmu ni ake kira masanin TM1, don kawai ni kaɗai na halarci horon da aka yi, kuma a can ma teburin shayi na fi sani. TM1 manhajar tsara kasafin kuɗi ce da ke jera alƙaluma ta fuskoki da yawa: reshe, wata, kaya, shekara. Manny Perez ne ya ƙirƙiro ta a 1983, ta bi ta hannun Applix da Cognos har ta faɗa hannun IBM, waɗanda yanzu suke kiranta Planning Analytics. Wannan tarihin na haddace shi tsaf. Sauran kuwa sai a hankali.

Kamfani ya buɗe sabon reshe, na cusa shi ƙarƙashin shiyyarsa a jerin rassa, na miƙe ina hura hanci. Kuɗin dizal na reshen ya fito daram a gurbinsa, lita sau farashi. Amma jimlar shiyya ko gezau. Na kira akantan reshen na wanke shi tas, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri kan laifin da bai san da shi ba. Na dawo na zargi Excel, na zargi intanet.

Ashe ga inda gizo ke saƙar. Yawancin guraben rumbun alƙaluma irin na TM1 fanko ne, shi ya sa ake rubuta SKIPCHECK a saman ƙa'idojin lissafi, manhaja ta riƙa tsallake fanko wajen haɗa jimla. Matsalar ita ce gurbin da ƙa'ida ke lissafawa ba ya ajiye komai, don haka shi ma kallon fanko ake masa, sai in umarnin FEEDERS ya ɗora masa alama. Kamar mai rabon abincin biki ne: wanda ba ya cikin takarda, ko ya sha babbar riga, ba ya ganinsa. Namu umarnin daga farashin dizal yake tashi ya sauka kan dukkan rassa, kuma ya yi rabon alamarsa tun ranar da aka shigar da farashin, lokacin sabon reshe ko tubalinsa ba a aza ba.

Da tsakar rana, ana tsaka da shigar da kasafi, na kashe sabar TM1 na kunna. Mutane suka yi cirko-cirko, ni kuwa na harɗe hannu ina cewa a bar wa gwani aikinsa. Ta tashi, jimla na nan yadda take, domin an kunna PersistentFeeders, wato tsofaffin alamomin da ta adana a faifai ta sake lodawa.

Yarinyar da ke bautar ƙasa a wajenmu ta matso a ladabce. “Yallaɓai, ko a gwada CubeProcessFeeders?” Layi ɗaya ne a TurboIntegrator, wurin rubuta ayyuka na TM1, yana sa a sake rabon alamomin daga farko. Na ce ai dama shi nake shirin yi, ina gwada ta ne. Ta rubuta, jimla ta cika.

Yanzu layin yana ƙarshen aikin da ke sabunta jerin rassa kowane dare, ita ta saka shi. Akantan kuwa na aika masa da kilishi, ya amsa da cewa Allah ya ƙara wa Yallaɓai basira, kuma har yau ban tabbatar addu'a ce ba.