Zuwa ga Gwaggo, daga Mancesta

Gwaggo,

Ina sanar da ke, tun kafin magulmata su riga ni, cewa kishiyar da Allah Ya yi miki a nan Ingila, wadda ko arba'in ba ta yi ba, ta mallaki ɗaki nata na kanta har an yi mata jere, alhali ke sai da aka ɗaura aure aka sha buɗar kai kafin kika ga naki.

Al'adar mutanen ƙasar nan ce, tun ciki bai tsufa ba, su keɓe wa jariri ɗaki, in mace ce su shafe shi da ruwan hoda, in namiji ne da shuɗi. Da yake kuwa mai gidan hayarmu ya gindaya sharaɗin kada a yi fenti, kada a kafa ƙusa a bango, sai na koma ga abin da hannu ya iya. Atamfar nan mai ganye da kika ba ni ranar tafiya na yanka na ɗinka labule, ƙyallayen da suka ragu na cusa musu auduga suka zama tsuntsaye, na rataye su da zare a bakin taga. Faya-fayan Kasuwar Kurmi kuwa na manna su a bango, babba a tsakiya, ƙanana kewaye da shi, har maƙwabciyata Baturiya ta tsaya tana al'ajabi, ta tambayi sunan gwanin da ya zana su, na ce mata da su muke rufe ƙwaryar fura.

Sai dai ki kwantar da hankalinki, amarya ba ta tare ba tukuna. Ma'aikaciyar lafiya mai zagayen masu jego ta ba da fatawa cewa jariri ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa wata 6 na farko, a gadonsa, a rigingine, babu matashi, ɗumin ɗakin tsakanin digiri 16 da 20, na kuwa karɓa hannu biyu, domin raina bai taɓa kwanciya da a raba ni da ita cikin dare ba.

In kishi ya bar ki, ki aiko mata da ƙananan ludaya masu zane ta hannun mai zuwa, ni kuma da kanwar kunu. Ki gaishe mini da Baffa. Wassalam.

Taki,
Maijego