Kada Ka Sayar da Fijon Kawu

Landan, Ingila

Zuwa ga taubashina, sarkin turin mota na unguwarmu,

Ina fata kana lafiya, da Kawu da Inna da yara, da kuma tsohuwa mai ran ƙarfe da ke fake a gindin darbejiyar ƙofar gida. Saboda ita ma na ɗauki biro. Labari ya iso ni cewa 'yan gwangwan sun fara zarya, har an kawo sikeli. Haba malam! Peugeot 504 haɗin Kaduna, ta 1979, ita za ka sayar kilo-kilo? Zauna ka ji yadda tsararrakinta ke shan gata a nan, sai ka san wadda kake rainawa.

A ƙasar nan, duk motar da ta cika shekara uku sai an kai ta gwaji kowace shekara, suna ce masa MOT. Bakanike zai ɗaga ta sama, ya leƙa birki, ya duba taya da fitilu, sannan ya zura 'yar na'ura a bakin salansa, kwamfuta ta auna hayaƙin. In ya wuce ƙa'ida, "a taimaka" da "don Allah ranka ya daɗe" ba su aiki, sai ka je ka gyara. Amma tun watan Mayu na 2018, motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata wannan gwaji. Harajin hanya ma, in mai ita ya nemi hukumar rajistar motoci, DVLA, ta sa ta a ajin motocin tarihi, ko sisi ba zai biya ba. Kowace ranar 1 ga Afrilu sai wani sabon rukuni ya shiga sahun dattawa. Waɗanda aka ƙera kafin 1980 har an yarje musu su maƙala baƙar lamba irin ta da, don ado.

Sai kuma dokar hayaƙi ta Landan, wadda ake kira ULEZ. Magajin gari Sadiq Khan ya fara ta a tsakiyar birni a 2019, a watan Agustan 2023 ta game dukkan unguwanni. Mota mai fetur da ta girmi 2005 ko makamancin haka, da mai dizal da ta girmi ƙarshen 2015, galibinsu fam 12.50 za su biya duk ranar da suka motsa. Babu mai tare ka a hanya. Kyamara ce ke karanta lamba, in ka yi kunnen ƙashi takardar tarar fam 180 ta same ka har gida. To, motar tarihi gaban kyamarar nan take wucewa tana tari, babu wanda zai ce mata uffan.

Akwai wani dattijo a layinmu mai Morris Minor, shuɗiya. Ranar Lahadi in rana ta leƙo zai yaye mata mayafi, ya kawo tsohon buroshin goge haƙora ya bi lungunan bamba ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya sha mai sai ya auna wani ruwa daga 'yar kwalba ya tsiyaya a tanki, domin injinta ya saba da fetur mai dalma, shi kuma an hana sayar da shi a nan tun 2000. Zai kewaya gari da ita a hankali, ya dawo ya lulluɓe ta kamar amarya, sai wani makon. Masu irin wannan son suna da bikinsu: Lahadin farko ta Nuwamba, motocin da aka ƙera kafin 1905 suna tashi daga Hyde Park da fitowar rana su nufi Brighton a bakin teku, tafiyar kusan mil 60. Wasu kan mace a hanya a sauko a tura. Da na ga masu turin nan sai na ce kaico, ga gwani can a gida babu wanda ya gayyato shi.

Mutane suna gunaguni kan dokar hayaƙin nan, kuma ina jin su. Ma'aikaciyar jinyar da ke fita aikin dare da dizal ɗin 2014 za ta biya, attajiri mai tsohuwar Jaguar zai wuce kyauta. Wannan yana taɓa mini zuciya, domin wanda ke riƙe da mota 'yar shekara goma sha ba don marmari yake riƙe da ita ba. Hujjar masu doka ita ce motocin tarihin kaɗan ne, kuma ba kullum suke kan titi ba. Shi ya sa in ka ce haya za ka yi da ita, gatan ya faɗi. Ka ga ke nan shirinka na ɗaukar fasinja takwas da akuya zuwa kasuwar ƙauye ba zai karɓu ba.

Akwai sharaɗi na biyu, kuma nan ne nake jin tsoronka. Kafin a yafe gwaji, dole a ce ba a yi wa motar babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce, musamman inji da shasi. Kai kuwa na san halinka. Ka faɗa mini gaskiya, injin da ke cikinta na haihuwa ne, ko na wata marigayiya ce kuka dasa mata? Igiyar da ke riƙe da ƙofar baya da sukundireban da ya gaji makulli, waɗannan masu sauƙi ne. Ka nemo takardunta a akwatin Kawu, ka ɗauko mini hoton lambar shasi da ta inji. Kuɗin batir da tamfol zan aiko, amma hannun Inna za su shiga, don na san inda naka ke bi.

Abu ɗaya da ba wasa a ciki. A 2013 wata yarinya 'yar shekara 9 ta rasu a kudancin Landan da ciwon asma, gidansu dab da babban titi. A 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatacciyar iska a cikin abin da ya kashe ta. Tun da na ji wannan nake goyon bayan dokar hayaƙin, da tsadarta da komai. Saboda haka ka daina ɗuma Fijo da asuba salansa na kallon zaure, yara na karatun allo a ciki, Kawu kuma ga tarinsa. Ka tura ta bakin titi tukuna, tunda turi dai ba a fi ka ba.

Ka gaida Gwaggo, ka ce mata yajin ya iso. Batun kuɗin shara kuma kada ka ɗauka teku ta shafe shi, ina rubutawa.

Wassalam,
Taubashinka na Landan